Na'urar naɗar shirin talabijin a faifan DVD: me zan duba kafin in saya wa Baba?

Sabo_Gangare
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawarar masu sanin kayan wuta. Mahaifinmu tsufa ya kama shi, da ya idar da isha'i barci ke ɗauke shi, shirye-shiryen da yake so kuma duk da dare ake sa su, balle tafsiri idan azumi ya kama. Sannan wata tasha ta zo ta yi hira da shi tare da wasu tsofaffin ma'aikatan kuza, sun ce nan da 'yan makonni za su sa. Ina so in sayi na'urar nan da ke naɗar shirin talabijin kai tsaye a faifan DVD. Don Allah kada wani ya ce min filash ko waya, duk na gwada. Baba faifai ya sani: ya danna tire ya fito, ya ɗora, ya tura ya koma, shi ke nan. Na leƙa shaguna biyu a Ahmadu Bello Way nan Jos, mai kunnawa kawai suke da ita. Wani a Dilimi ya ce zai samo min ta hannu. Me zan duba kafin in miƙa kuɗi?

Injiniya_Bukuru
Wa alaikumus salam Malam Sabo. Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Sabuwa fil dai ka cire rai, manyan kamfanonin da suka yi tashe da ita irin su Pioneer da Sony sun daɗe da barin ƙera ta. Duk wadda za ka samu gwanjo ce, ta sha aiki a falon wani Bature kafin ta hau jirgin ruwa.

Ka nemi mai had-dis a ciki, wato ma'ajiya irin ta kwamfuta. Wannan ita ce shawarata ta farko kuma ita ce babba. Wadda ba ta da shi kai tsaye take ƙona faifai yayin da shirin ke tafiya, in aka ɗauke wuta a tsakiya faifan ya tafi. Mai had-dis kuwa a cikinta take ajiyewa, washegari ka zauna ka yanke tallace-tallace, ka sa wa shirin suna, sannan ka juye a faifai lokacin da ka ga wuta ta zauna. Mai 160GB tana ɗaukar kusan awa 70 a matsakaicin inganci, ta ishe ka azumi biyu.

Sai ka juya bayanta ka karanta. In ka ga 220 zuwa 240V da PAL, tamu ce, daga Ingila ko Turai ta fito. In ka ga 120V da NTSC 'yar Amurka ce, ka ajiye masa abarsa. Ko ka haɗa ta da taransifoman rage wuta, tsarin hotonta ba irin namu ba ne.

DanRikkos99
Haba jama'a. DVD a wannan zamanin? Kusan kowane malami yanzu ana haska tafsirinsa kai tsaye a Facebook, washegari yana YouTube. Ka saya wa Baba ƙaramar tablet kawai a wuce wurin.

Sabo_Gangare
Ƙanena ka sake karanta abin da na rubuta. Na ba shi waya mai babbar fuska, kwana uku ya dawo min da ita ya ce duk inda ya taɓa sai wata yarinya ta fito tana rawa.

Maman_Khalifa
Hahaha Allah ya bar mana iyayenmu. Tawa mahaifiyar ma haka take.

Malam Sabo ka riƙe maganar Injiniya da hannu biyu, ni abin ya faru a kaina. Muna da irin na'urar nan a da, maras had-dis. Ranar saukar Alƙur'anin babbar 'yata, makarantarsu ta biya an sa bikin a talabijin, minti ashirin da wani abu. Na zauna da rimot a hannu tun kafin a gama labarai, na naɗa tsaf, har wurin da take riƙe da allo hannunta na rawa. Aka gama na shiga menu na danna a rufe faifan. Wani layi ya fara tafiya a fuskar talabijin, ya kai kamar rabi, ɗif aka ɗauke wuta. Da aka dawo da ita na'urar ta ce babu komai a faifan. In ka ɗaga shi ka duba ƙasansa kana ganin zoben inda aka ƙona, launinsa ya fi duhu, amma ba mai karanta shi. Har yau yana cikin akwatina a naɗe da ɗankwali, na kasa yarwa.

Kwamfuta_Doctor
Hajiya kada ki yar. Sau da yawa hoton yana nan, abin da ya ɓata shi ne ɗan jadawalin da ke gaya wa na'ura inda kowane shiri ya fara. Akwai manhajar kwamfuta mai suna IsoBuster, aikinta ke nan, tono abin da ke cikin faifan da ba a rufe ba. Ban yi miki alkawari ba, amma na ceto irinsa fiye da sau ɗaya. Ki samu mai kwamfutar da ke da wurin sa faifai.

Maman_Khalifa
Kai Malam, da gaske? Yarinyar yanzu tana ɗakin mijinta har da goyo. In wannan abu ya fito ai sai na yi sadaka.

Auwal_FarinGada
Tambaya. Mene ne wannan rufe faifan kuma? Na ɗauka da ka danna tsayawa an gama.

Injiniya_Bukuru
A'a. Shi ne abin da menu ke kira fainalaiz. Muddin ba ka yi shi ba, na'urar da ta naɗa ce kaɗai za ta iya kunna faifan, in ka kai shi ɗakin Baba ka sa a tasa ba za ta gane shi ba. Minti kaɗan yake ɗauka, amma a waɗannan mintocin ne ba a son wuta ta ko ƙifta. Ƙaramar UPS irin ta kwamfuta ta wadatar, na'urar ba ta cin wuta sosai. Sitabilaiza daban, ita daidaita ƙarfin wuta take yi, ba ta riƙe ta in an ɗauke.

Baffa_Mai_Gyara
Injiniya ya yi bayani mai kyau, sai dai ya tsallake abin da ya fi kawo min mutane shago suna faɗa. Mutum ya sayi 'yar Ingila, ya soka mata eriya, ya yi ta neman tasha bai samu ko ɗaya ba, ya ce an cuce shi. Ba a cuce shi ba. Abin kama tashar dijital da ke cikin yawancinsu tsohon tsari ne, DVB-T. Mu kuwa DVB-T2 muke kai, da akwatin FreeTV da StarTimes da GOtv duk shi ne. Tsohon ba ya karanta sabon. Ɓangaren analog ɗinta ma ba abin dogaro ba ne, waɗanda suka manyanta za su tuna talabijin ɗin Ingila da ake kawowa, hoto tar amma ba murya sai an kawo mana mun juya sautin.

Saboda haka ka manta da ramin eriya. Daga dikoda za ka ɗauko, da wayar nan mai kai uku, rawaya da fari da ja, ka shigar a inda aka rubuta AV IN. In ta Turai ce za ka ga wani faffaɗan rami mai haƙora 21, sunansa SCART. Akwai ɗan adafta da ke mayar da shi kai uku, ka nemi mai makunnin IN da OUT a jiki, ka tura shi IN. Rabin waɗanda ke cewa ba ta naɗa, makunnin nan ne yake OUT.

Ummu_Sudais
Ai mu Jos aka fara yi wa wannan sauyin na dijital, 2017 ko?

Tsohon_Mai_Kamara
2016 ne 'yata, ranar 30 ga Afrilu, Lai Mohammed na ministan yaɗa labarai. Abuja ta biyo baya a Disambar shekarar. Kuma ba shi ne farkon abin da Jos ta riga kowa ba a harkar nan. Talabijin mai kala a ƙasar nan daga nan ta fara, tashar Benue-Plateau, 1975, kafin gwamnatin tarayya ta haɗe tashoshi ta kafa NTA a 1977. Ba banza ba aka ajiye kwalejin talabijin ta NTA a Rayfield.

Amma ba tarihi ya sa na yi magana ba. Sabo, ɗana, game da hirar mahaifinka: kada ka jira ranar da za a sa. Ka shirya ka je tashar, ka nemi furodusan shirin, ka gaishe shi da mutunci, ka roƙi kwafi. Abin da zai ba ka daga kwamfutarsu ya fi duk abin da za ka kama ta wayar rawaya. Wataƙila ma ka dace da hirar gaba ɗayanta, don in an zauna da tsoho awa guda, da ƙyar minti goma ke fita a iska. Kuma ka yi sauri. Na yi aiki a wata tasha shekaru masu yawa, da hannuna na sha goge kaset don a ɗora sabon shiri a kai, saboda ba kuɗin sayen wani. Akwai wani makaɗin garaya da muka ɗauka a ƙauye, tsoho tukuf, mako uku bayan nan aka ɗora taron wani kwamishina a kan kaset ɗin. Bai fi wata biyu ba aka ce ya rasu. Yanzu ba kaset, amma kwamfuta ma cika take yi, kuma in ta cika tsohon shiri ake fara sharewa.

Sabo_Gangare
Baba mai kamara na gode ƙwarai. Wallahi tunanin zuwa tashar bai taɓa zo min ba. Gobe in sha Allah zan nemi lambar yaron da ya zo da kamara.

Nura_ICT
Ni fa ina ganin ana wahalar da Malam Sabo. Ga hanya mai sauƙi. Risibar dish mai kama tashoshin kyauta, irin su Strong, yawancinsu suna da ramin USB da maɓallin naɗa a rimot. Ka soka filash ko had-dis na waje, ka sa lokaci, ta naɗa da ingancin da tashar ta aiko, ba raguwa. Daga baya ka ɗora a kwamfuta ka ƙona wa Baba faifai. Ya samu faifansa, kai kuma kana da asali a ajiye. Abu biyu kawai za ka kula: in filash ɗin FAT32 ne ba ya ɗaukar fayil ɗaya da ya wuce 4GB, sai ta rarraba maka shi gida-gida. Sannan fayil ɗin da take fitarwa sai an juya shi zuwa tsarin DVD kafin na'urar Baba ta karanta.

Sabo_Gangare
Malam Nura ba ni da kwamfuta, kuma daga shago nake dawowa bayan magariba. Juyawa da ƙonawa kullum har kwana talatin, anya?

Nura_ICT
Ba kullum ba, ka tara na mako ka kai wa masu tura fina-finai a Terminus su yi maka.

Baffa_Mai_Gyara
Yaran nan na yanzu da yawansu ba su da ma abin ƙona faifai, tura wa mutane a waya suke yi. Sai ka yi yawo kafin ka samu.

Abba_Explora
Mu dai a gida DStv Explora muke amfani da ita, ka zaɓi shiri a jadawali ka danna R, ta riƙe maka. Ba waya ba faifai.

Kwamfuta_Doctor
Tana da daɗi, amma ba ita Sabo ke nema ba. Abin da ta naɗa a kulle yake a cikinta, ba ka fitar da shi ka kai wani ɗaki ko ka aika wa wani, kuma kallonsa na tare da biyan kuɗin wata. Shi abin da zai riƙe a hannu yake so. Af, kuma kada wani ya sa rai da HDMI: ramin HDMI da ke bayan rikodar DVD na fita ne zuwa talabijin, ba na shiga ba. Komai kyan hoton dikodarka, ta wayar rawaya zai bi, ya sauka a layi 576. Kuma wasu tashoshin kuɗi suna aiko da alamar hana kwafi, rikoda ta gani ta ƙi naɗa.

Malam_Hadi_Bauchi_Road
Tun ɗazu ina ganin had-dis had-dis, na ɗauka hadisi ake karantawa na shigo da sauri.

Ummu_Sudais
Malam ka ba ni dariya. To tun da ka shigo, ya halatta mutum ya naɗi shirin tasha ba da izininsu ba?

Malam_Hadi_Bauchi_Road
Ni ba mufti ba ne Malama. Abin da na sani, tun muna yara iyayenmu ke ɗora rikoda kusa da rediyo suna ɗaukar tafsirin Sheikh Abubakar Gumi daga Kaduna, ban taɓa jin malamin da ya yi fushi don an adana karatunsa ba. Inda matsala take shi ne ka kwafi wahalar wani ka buga ɗari ka baza a kasuwa. Wannan ko a dokar ƙasa laifi ne, kuma kowa ya ga yadda ya karya masu shirya fina-finan Hausa.

Garba_Sabon_Gidan_Kanar
Ni maganar kuza ce ta tsayar da ni. Malam Sabo a wane kamfani Baba ya yi aiki? Kakana ya yi wa ATMN aiki a Bukuru, daga Katsina ya zo da ƙafa yana saurayi. Yana ba mu labarin yadda mata ke ɗaukar ƙasa a kwano suna fitowa daga rami a jere, da yadda komai ya watse bayan farashin kuza ya faɗi a 1985. Ko muryarsa ba mu da ita. Tafkunan nan da yara ke wanka a ciki, shi yana iya gaya maka sunan kowanne da shekarar da aka haƙa shi. In hirar ta fito don Allah ka sanar a nan.

Sabo_Gangare
In sha Allah Malam Garba. Shi ma ta wajen Bukuru ya yi, direban injin haƙa ne. Allah ya jiƙan Kaka.

Auwal_FarinGada
Mu dawo kan faifai. Na ga wani an rubuta DVD-R wani DVD+R, mai shago ya ce duk ɗaya ne.

Injiniya_Bukuru
Girmansu ɗaya, 4.7GB, amma tsarinsu biyu, kamfanoni ne suka rabu gida biyu tun farko. Rikodar da ba ta tsufa sosai ba tana cin duka, tsohuwa kuwa takan zaɓi ɗaya, ka duba tambarin da ke jikin tiren. Na'urar kunnawa irin ta Baba ta fi sabawa da DVD-R. Masu RW ana gogewa a sake, suna da kyau ga shirin da za a kalla sau ɗaya. DVD+RW ma ba ya buƙatar rufewa. In ka dace da Panasonic za ka ga tana son DVD-RAM, faifai ne mai juriya amma ƙananan na'urorin kunnawa ba sa karanta shi, ba zai yi wa Baba amfani ba.

Lissafin azumi, bisa matakin ingancin hoton da ka zaɓa a na'urar: XP awa 1 a faifai, SP awa 2, LP awa 4. In tafsirin awa ɗaya ne kullum, faifai 15 ke nan a SP, 8 a LP. Malami a zaune yake ba gudu yake ba, LP ta isa. Hirar Baba kuwa XP, kwafi biyu.

Baffa_Mai_Gyara
A nan ban bi ka ba Injiniya. LP a talabijin mai inci 21 ba laifi, amma ka sa ta a falas mai inci 43 fuskar malam ta koma kamar an zana da gawayi. Tsoho kuma ido ya yi rauni, yana son ya ga bakin mai magana. Faifai bakwai ne bambancin, SP kawai.

Injiniya_Bukuru
Tafsiri da kunne ake jin sa Baffa.

Baffa_Mai_Gyara
To a saya masa rediyo mana.

Hajiya_Rayfield
Ku bar musu, ga abin da ba wanda ya faɗa. Faifan da aka ƙona a gida ba ya daɗewa kamar na kamfani. Rini ne a cikinsa, rana da zafi suna cinye shi. Na bikin ƙanwata da muka bari a kan talabijin kusa da taga, bayan 'yan shekaru ya fara tsalle, yanzu ko buɗewa ba ya yi, wanda ke cikin durowa kuwa lafiya lau. Ku sa a kwalinsa, a tsaye, cikin inuwa. A rubuta suna da maka mai laushi, ban da biro. Kuma a guji faifan nan na araha da ake sayarwa tuli a leda, araha ba ta ado.

DanRikkos99
Kun gani ko? Ƙarshenta dai sai an ɗora a intanet in ana so ya daɗe.

Tsohon_Mai_Kamara
Shafi ma rufe shi ake yi ɗana, mai shi ya manta lambar sirri ko ya mutu. Ka sa a faifai, ka sa a filash, ka ɗora a can ɗin naku, ka ba ɗan'uwanka na wani gari kwafi ɗaya.

Sabo_Gangare
Salam. Na dawo daga Dilimi yanzu. Mutumin ya kawo guda biyu, duk 'yan Ingila. Ta farko tana da had-dis 160GB, na tafi da dikodata da faifai kamar yadda aka ce, muka haɗa a shagon maƙwabcinsa. Da farko baƙi ƙirin, sai na tuna maganar Baffa na tura makunnin IN, hoto ya fito. Ta naɗa a had-dis lafiya, har mun tarar da shirye-shiryen mai ita na da bai goge ba, wata tsohuwa tana koyar da dashen fure. Amma da muka zo juyewa a faifai sai ta yi ta ƙugi, ta tofo shi. Faifai na biyu ta karɓa ta gama. Kuma ba rimot. Ta biyun tana da rimot, tana ƙona faifai ba gardama, amma ba had-dis. Ya ce in ɗauki ta farkon zai nemo rimot daga baya. Ban ba shi ko sisi ba tukuna.

Baffa_Mai_Gyara
"Zai nemo daga baya" cinikin biri a sama ne. Ba rimot ba ka shiga menu, ba menu ba ka rufe faifai, rimot ɗin gama-gari kuma sau da yawa ba ya da maɓallan da ake buƙata. Tofo faifan na iya zama ƙura ce a idon lesa, ka san hunturun garin nan, auduga da ɗan sipirit sun isa. Yana iya zama kuma idon ne ya gaji, in haka ne samun irinsa sai an fasa wata. Ka kawo ta in buɗe kafin ka biya, in ya yarda.

Injiniya_Bukuru
Duk da haka ni ta farkon zan ɗauka, in rimot ya zo. Ko abin ƙona faifan ya mutu gobe, Baba na iya kallo daga had-dis.

Maman_Khalifa
Ni dai maras had-dis ko kyauta aka ba ni ba na so.

Nura_ICT
Ta biyu da UPS ta fi, lesarta lafiyayya ce. Had-dis mai shekara goma sha wani abu shi ma ba a san ranarsa ba.

Sabo_Gangare
Kun ƙara rikita ni. Asabar zan koma da faifai biyar, in ta ƙona huɗu kuma rimot ya iso, Baffa za ka gan ni. Yaron tashar ya ɗaga waya, ya ce in zo Litinin da filash, sai ya tambayi oga.

Garba_Sabon_Gidan_Kanar
Ka tafi da babba, 32GB, ko za su ba ka har wanda ba su sa ba. In sun bayar ni zan kawo nawa faifan.